Jan Zare a Wuyan Buta

Duk shekara sai an turo mana 'yan makarantar koyon aikin lafiya su yi wata biyu ko uku a ɗakin haƙori, kuma duk shekara abu ɗaya nake gani a idonsu. Ran farko za su tsaya a bayana, hannu cikin aljihun farar riga. In soka allura, in jira leɓe ya mutu, in kama haƙori da filaya, in girgiza shi dama da hagu, ya fito. Sai in ji wani ya raɗa wa na kusa da shi, "Au, shi ke nan?" Bana har wata yarinya a cikinku ta ce kakarta ma tana yin wannan da zare. To, ku matso kusa. Na haura shekara talatin ina wannan aiki tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma abin da ya kusa raba ni da shi ba filaya ba ce, buta ce.

Wadda ta koya mini aiki Hajiya Talatu ce, Allah ya jiƙanta. Tana da ɗan asibitin haƙori nata na kanta a Birnin Kudu, ɗaki biyu da baranda. Gajeriya ce ƙwarai, har akwai wani katako da take takawa in za ta kai ga turmin sama na dogon mutum, amma in ta riƙe muƙamuƙinka da hannun hagu ba ka isa ka motsa ba. Kayan aikinmu ba su da yawa. Kujera mai feda wadda sai ka yi ta takawa kafin ta ɗaga, filaya wajen takwas, ta sama daban ta ƙasa daban, wani siririn ƙarfe mai kama da sukudireba da ake sassauta haƙori da shi kafin a kama, ɗan madubi mai dogon hannu, sai tukunyar da muke dafa su a kan risho. Shekarata ta farko ban taɓa bakin kowa ba. Aikina wankewa, dafawa, da riƙe tocila in an ɗauke wuta. In hannuna ya gaji hasken ya koma kan hancin mutum, Hajiya ba ta ko ɗagowa, sai dai ta ce, "Habu, hancin lafiyarsa ƙalau."

Akwai halinta ɗaya da yake ba ni haushi. In ta gama cire haƙori ba ta sallamar mutum daga kan kujera. Sai ta raka shi baranda, ta zaunar da shi a benci, ta zauna kusa da shi, ta shiga hira. Ga mutum da auduga a baki ba ya iya amsawa sai da ka, ga layi yana jira, ita kuwa tana ta tambaya: wa yake girki a gidanku, me aka dafa yau, a kan me za ka koma. Ni a ganina surutun manyan mata ne kawai. Da na ga ta nufi baranda sai in kwashi filaya in yi bayan ɗaki wajen famfo, ina jin daɗi na samu sararin shan iska. Haka na yi shekara huɗu.

Ba wai ban ga abin da mutane suke yi wa bakinsu bayan sun bar wurinmu ba. Na gani. Wani makiyayi daga wajen Unguwar Ya, da allura ta kama shi, ya tallafe leɓensa da hannu biyu ya ƙi saki, wai ji yake ya zazzago har ƙirji, sai da na kawo masa madubi ya ga yana nan inda Allah ya ajiye shi. Wani direba kuma da ya ji ba ya jin zafin komai, yana fita ya zarce wajen mai tsire, ya dawo da yamma leɓe ya kumbura suntum, ya haɗa da shi ya tauna bai sani ba. Wata tsohuwa ta cika ramin haƙorinta da garin taba, ta ce haka uwarta take yi. Ina ganin waɗannan in yi dariya, in ce a raina ai laifinsu ne, mu mun gama namu.

Ku tsaya in gaya muku abin da yake faruwa a ramin nan, don duk labarin a kansa yake. Idan haƙori ya fita, jini yana taruwa a gurbin ya daskare. Wannan gudan jinin shi ne murfi, ƙarƙashinsa ƙashi ne tsirara. In aka bar shi ya zauna, nama zai tsiro ya rufe wurin, mutum ya manta. In kuwa aka wanke shi, ko aka tsotse shi, ko aka tofar da shi a ranar farko, to kwana biyu zuwa uku sai ciwo ya taso, wanda ya fi na haƙorin da aka cire. Yana harbawa har cikin kunne, baki ya yi wari, ciwon ya ƙi jin magani. Na ga ƙato mai noma kadada biyar shi kaɗai yana hawaye a kan wannan ɗan ramin.

Da Hajiya ta ga hannuna ya faɗa, sai ta kama ɗaki a Gwaram, ta ba ni tsohuwar kujera da filaya huɗu, ta ce in je in riƙe wurin, mutanen Sara da Farin Dutse su huta da doguwar tafiya. Na tafi ina jin kaina. Na rubuta dokoki a takarda na manna a bango, na haddace su. Kowa na cire wa haƙori sai in karanto masa a tsaye, numfashi ɗaya: "Ka cije audugar nan rabin awa, kada ka tofar da yawu, kada ka kurkure baki sai gobe war haka, ban da abu mai zafi, ban da goro, ban da taba, daga gobe ruwan ɗumi da gishiri a hankali. Na gaba!" Ina alfahari da cewa ni ba na ɓata wa mutane lokaci a baranda.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata. Mutane suka fara dawowa ran kwana uku, hannu a kunci. Ba kowa ba, kuma abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Samarin tasha da 'yan acaɓa, waɗanda na tabbata ba sa jin magana, su garau suke warkewa. Masu dawowa dattawa ne: limamin wata unguwa, alhazai biyu, wani malamin allo, wata hajiya da kowa ya san ba ta rabuwa da carbi. Na canza allura, na ƙara lokacin dafa kayan aiki har risho ya gaji, na sake karanta littattafaina. Ba abin da ya canza. Mutanen gari kuwa sun riga ni lura. Magana ta fara yawo cewa hannun yaron nan na Birnin Kudu ba ya shiri da masu ibada. Wani ya ce a bincika ko ina salla. Ƙofar ɗakina ta fara zama fayau, wanzamin bakin kasuwa ya sayi sabuwar tabarma.

Na je na gaya wa Hajiya. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kana yi musu bayani?"

Na ce, "Ina yi, Hajiya."

"Duka?"

"Duka, har a bango na rubuta."

Ta ce, "To ban san me yake faruwa ba. Amma sunana ne a jikin ƙofar can. Na ba ka zuwa ƙarshen wata. In aka sake dawo maka da mutum ɗaya, ka ɗauro kujerata a mota ka dawo wa tocilarka."

Aikin da ba zan manta ba shi ne na Malam Shehu, ladanin wani masallaci a Sara. Dattijo ne siriri mai barkwanci, da murya wadda in ya ɗaga ta mutanen gona suke ajiye fartanya. Na cire masa turmin ƙasa na dama tun kafin in kai wa Hajiya kukan nan, kuma shi ma ya dawo ran kwana uku. Nasa ya fi na kowa tonon asiri, don kwana shida bai kira salla ba. Wanda ya riƙe masa maƙwabcinsa ne, Alhaji Mamman, mutumin kirki, amma muryarsa kamar ana jan kwano a kan siminti. Sau biyar a rana lasifika tana tuna wa mutanen Sara abin da na yi. Na wanke wa Malam ramin, na cusa masa 'yar auduga mai man kanumfari, zafin ya lafa. Sai dai akwai ɗan'uwan haƙorin a hagu, shi ma ya ruɓe har saiwa, dole ya fita. Na ji labari wai ya yanke shawarar kai shi wajen wanzami.

Na hau babur na same shi a zaurensa. Na gaishe shi, na durƙusa sosai, na roƙe shi ya bar ni in cire na biyun.

Ya ce, "Malam Habu, kai fa ba ka da kunya. Na farkon ma mutanen gari ba su gama yafe maka ba, Alhaji Mamman suke ta ji."

Na ce, "Baba, wannan karon ba zan rabu da kai ba. In na cire, ni zan kawo ka gida, in wuni da kai, in ga duk abin da ya shiga bakinka."

Ya yi dariya har ya riƙe kunci. Ya ce, "To na yarda. Amma ka ji sharaɗina. In wannan ma ya lalace, ranar da na warke, ina gama kiran salla ba zan kashe lasifika ba. Zan yi wa jama'a bayaninka, da sunanka da na garinku."

Na ce na yarda.

Ranar da muka sa, da hantsi na cire shi. Ya fito salin alin, saiwa biyu, ba abin da ya karye. Na duba ramin, jini ya taru ya daskare yadda ake so. Na karanto masa dokokina, ya ɗaga hannu ya ce ya haddace tun wancan karon. Na goya shi a babur muka tafi Sara a hankali, ina kauce wa kowane rami. A zaure na zauna ina kallonsa kamar mai gadin shanya. Bai tofar da yawu ba. An kawo goro ya tura mini. Matarsa, Inna Kulu, ta aiko da kunu ya bari sai da ya huce sarai. Mutumin nan bai karya doka ko ɗaya ba. Na fara tunanin ko dai gaskiyar mutane ne, hannuna ne.

Sai azahar ta yi. Alhaji Mamman ya ja kwanonsa a lasifika, Malam ya runtse ido ya ce, "Allah ya ba shi lada, mu kuma ya ba mu haƙuri." Ya jawo buta ya tsuguna a bakin zaure. Ni ma na ɗauki tawa. Ya wanke hannu sau uku. Ya kamfaci ruwa cike da tafi, ya ɗaga zuwa baki, ɗan yatsansa manuni ya riga ya miƙe zai bi ruwan ya cuɗa dasashi.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na kama hannunsa, ruwan ya zube a rigarsa, butata ta kife.

"Kai! Lafiya?"

"Baba, me za ka yi?"

"Me kuwa zan yi? Alwala."

"Ba na ce kada ka kurkure baki ba?"

Ya dube ni kamar na zare. Ya ce, "Ai ban kurkure ba tun safe, kana zaune. Wannan kuma alwala ce."

Na ce, "Wancan karon ma haka ka yi?"

"Sau uku-uku, kowace salla. Ni ba na alwalar 'yan tasha, a shafa a gudu. Sai na ji ruwa ya zaga ko'ina, in bi da yatsa, in fesar."

Na zauna daɓas a ƙasa cikin ruwan butata. Sau uku, salla biyar, ga nafila. Na tuna limamin, na tuna alhazan nan biyu, na tuna hajiya mai carbi. Ashe duk wanda ya fi kyautata alwala shi ya fi wanke murfin raminsa, samarin tasha kuwa gaggawarsu ce ta cece su. Ni da nake alwala sau biyar kowace rana tun ina yaro, ban taɓa haɗa dokar da ke bangona da butar da ke hannuna ba. Kunya ta rufe ni.

Na yi masa bayanin gudan jinin tiryan-tiryan, abin da ban taɓa zama na yi wa kowa ba. Na ce, "Baba, kai ne malami, ni ban isa in yi maka fatawa ba. Amma in mutum yana da rauni a baki, dole ne sai ya kurkure?"

Ya ce, "A'a. Sunna ce, ba farilla ba. Mai lalura in ya bari, alwalarsa ta yi. Wannan ko yaran makarantata sun sani. Kai ne ba ka tambaya ba, ka tsaya kana zuba mana karatu kamar mai tallan maganin basir."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Ya sake alwala daga farko, ya wanke hannu, sai ga tafi ya sake tafiya baki da kansa. Na riƙe. Da la'asar ma haka, muna cikin hira ya kamfato, na yi kukan kura na damƙe. Ya yi tsaki ya ce, "Shekara sittin hannun nan yana bin hanya ɗaya, yau ɗaya ka ce ya canza? Ba ni nake aika shi ba, shi yake zuwa." Ga rana tana faɗuwa, ga ni dole in koma Gwaram, ga sauran salloli a gaba kafin a kai gobe war haka.

Inna Kulu ce ta fitar da mu. Tana jin mu daga bayan labule. Ta ce, "Malam, miƙo mini butar nan." Da aka dawo da ita, an naɗa jan zaren saƙa a wuyanta, an ƙulle tam, an bar jela tana reto daidai inda ruwa yake fitowa. Ta ce, "Duk sanda ya karkata ta sai ya gani. In ya gani bai tuna ba, ni zan tuna masa, kuma ba zai ji daɗi ba." Da magariba na tsaya a gefe ina kallo. Ya wanke hannu, ya karkata buta, zaren ya jiƙe ya manne masa a yatsa. Ya tsaya, ya harare ni, ya wuce zuwa shaƙa ruwa a hanci.

Washegari na rufe ɗaki na tafi Birnin Kudu da gudu, ina ɗokin ba Hajiya labarin abin da na gano, wanda a ganina ba wanda ya taɓa ganowa. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Habu, abin da nake fara gaya wa kowa a barandar nan ke nan. Shekara huɗu ina faɗa a kunnen jama'a. Kana ina?"

Na ce, "Ina wajen famfo, Hajiya."

Ta ce, "To filayarka ta fita tas. Koma ka jira kwana ukunka."

Na ce wa Malam ya huta da lasifika kwana biyu, ran na uku in lafiya ya koma. In ramin zai lalace, ran nan zai nuna. Ban iya zama a Gwaram in jira a zo a gaya mini ba. Kafin azahar na hau babur na nufi Sara, amma na kasa shiga gari. Na tsaya a gindin wata tsamiya a bakin hanya na kashe inji. Ina tunanin kujerar Hajiya a bayan akori-kura, ina tunanin sunana da na garinmu a lasifika. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku. Can sai na ji lasifika ta yi ƙara, wani ya hura ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Na kasa kunne ina jiran kwano a kan siminti.

Muryar Malam Shehu ce ta tashi, doguwa, garau, har wani mai kaftu a gonar gefe ya miƙe ya dafa ƙugu ya ce, "Alhamdu lillahi, an dawo mana da namu." Na tsaya har ya kai ƙarshe. Sannan na ci gaba da kasa kunne, don ban manta da sharaɗi ba. Lasifikar ba ta mutu ba. Na ji ya yi gyaran murya, ya ce, "Jama'a, sanarwa. Duk mai ciwon haƙori ya je wajen yaron nan na Gwaram. Amma ya tafi da butarsa." Sai ƙit, ya kashe.

Kujera ba ta koma Birnin Kudu ba. Ni ne dai na sa kafinta ya yi mini benci, na ajiye a baranda.

To, kun ga ƙwaryar can da ke kan tebur kusa da auduga, wadda ɗayanku ya tambaye ni jiya ko saƙa nake yi in ba kowa? Jan zare ne, na yanka shi kamu ɗaya-ɗaya. Filaya zan koya muku a wata uku, wanda hannunsa yake da kai ma ba zai kai haka ba. Yanzu dai ga wani dattijo can na cire masa turmi, yana zaune a benci da auduga a baki, kuma saura awa ɗaya a kira azahar. Ke mai kaka, ɗauki zare ɗaya ki je ki zauna kusa da shi. Ki fara da tambayarsa wa yake girki a gidansu.